Girgizar da Na Yi wa Murna

Shekara uku na yi a gidan Mma, a hawa na biyar na wani tsohon bene a unguwar Morris Heights, a Amurka. Ba ita ta haife ni ba, ba mu ma haɗa ƙasa ba. Ni 'yar Kano ce da karatu ya kawo, ita kuwa 'yar Zongon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A masallaci muka haɗu, ɓangaren mata, wata Juma'a da na zo da rigar sanyi wadda ba ta tare komai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi inda nake kwana. Da na gaya mata ina raba ɗaki da wasu ɗalibai biyu masu kiwon kare, sai ta riƙe haɓa.

"Ei! Kare a cikin ɗaki? Je ka kwaso kayanka."

Haka take magana irin ta mutanen Zongo, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya na daina ji.

Ɗakin da ta ba ni na ɗanta ne. Bai taɓa kwana a ciki ba, amma ta ajiye masa shi, har da labule da katifa sabuwa, tana jiran ranar da takardunsa na shigowa Amurka za su fito. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta. Ya gaji da jira a Kumasi, ya kama hanya, ya yada zango a wata ƙasa da ba zan faɗi sunanta ba, ya samu aikin ɗinki a wani shago da ke ƙasan dogon gini. Duk Lahadi sai ya kira ta a waya, hoto da hoto. Na san fuskarsa, na san wushiryarsa, na san yadda yake tsokanata cewa in kula masa da katifa kada in lotsa ta kafin ya iso.

Mma ce ta laƙaba mini Dokta tun ban yi rabin karatun ba. In baƙi suka tambayi abin da nake karantawa, ba ta bari in buɗe baki.

"Ƙanƙara yake karantawa. Ya baro Kano ya zo Amurka don ƙanƙara, ga firij ɗina nan cike, ba wanda ya tambaye ni."

Laifina ne. Ranar da ta fara tambayata na dawo a gajiye, na ce mata ƙanƙara, na wuce wurin. Gaskiyar maganar kuwa, abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar nake karantawa. A can ƙurewar kudancin duniya akwai wata nahiya, Antaktika, da ƙanƙara ta rufe ruf, kaurinta a wurare da yawa ya fi kilomita biyu. Ƙarƙashinta dutse ne, ƙarƙashin dutsen wani dutsen ne mai zafi, har can ciki inda ba rijiyar da za ta kai. Muna son mu san inda ya yi zafi da inda ya yi sanyi, domin zafin ƙasa yana da hannu a yadda ƙanƙarar ke zamewa zuwa teku. Tun da ba a iya tonawa, sai a saurara, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa ta kara kunne ta ji ko da tsaga. To wa yake da hannun da zai ƙwanƙwasa duniya? Girgizar ƙasa ce kaɗai ke yi mana wannan aikin. In ta afku a wuri mai nisa, motsinta yana ratsa cikin ƙasa, ya yi sauri a dutse mai sanyi, ya yi nawa a mai zafi, har ya iso wasu na'urori da aka binne a ƙanƙara. Na'urar ta rubuta lokacin da ya iso. Da wannan saurin da jinkirin muke zana hoton abin da ido bai taɓa gani ba.

In za a faɗa ba kwana-kwana, aikina shi ne jiran ƙasa ta girgiza. Da yawa a ƙarƙashin teku suke afkuwa, ba sa taɓa kowa, kuma da wannan muke lallashin kanmu. Mutanen ɗakin bincikenmu ba mugaye ba ne. In babba ta faɗa kan gari, sai a yi jimami, wani ya girgiza kai, wata ta ce kaico. Amma kafin shayi ya huce wani ya riga ya buɗe taswira yana auna nisan wurin da na'urorinmu. Na shekara ina jin haushin wannan hali. A shekara ta biyu na fi kowa saurin buɗe taswirar.

Ina da dalili, ko in ce na ba kaina dalili. Yankin da aka ba ni in yi wa hoto yana da giɓi. Girgizar da ke isowa can duk daga ɓangarori biyu ko uku take zuwa, ɓangare ɗaya kuwa shiru, ba motsin da ya taɓa ratsowa ta nan da ƙarfin da zai yi amfani. Duk zaman da muka yi da farfesar da ke duba aikina sai ta ɗora bakin biro a kan giɓin nan ta ce sai mun samu wani abu daga can. Ba mai iya yin odarsa, sai jira. Ban taɓa ɗaga hannu na roƙi Allah girgiza ba, amma in na ce ban so ta a raina ba na yi ƙarya.

Wata Asabar da hantsi muna kicin ni da Mma. Tana dafa shinkafa da wake irin nasu na Gana, mai jan karan dawa, ni ina yanka albasa. Wayata ta yi ƙara, irin ƙarar da na sa mata don manyan girgiza kaɗai. Na goge hannu a zani na duba. Na ga girmanta, na ga ɓangaren da ta fito, na ƙiyasta nisan a kaina. Daidai giɓin. Wallahi har da sunan ƙasar a rubuce a gabana, idona ya karanta, kaina bai ɗauka ba. Na daka tsalle da wuƙa a hannu.

"Madalla! Ta samu!"

Mma ta juyo da ludayi. "Dokta, lafiya? Miji ne ya fito?"

"Aikina ne, Mma. Abin da nake jira shekara biyu, yau ya zo."

Ba ta tambayi mene ne ba. Wa ke tsayawa bincike in ɗansa ya ce alheri ya same shi? Ta ajiye ludayin, ta ɗaga hannu biyu a gaban murhu kamar yadda kowace uwa za ta yi.

"Alhamdulillahi. Allah ya ƙara. Allah ya maimaita maka irinsa, ya ba ka wanda ya fi shi."

Na ce amin. Da ƙarfi ma na ce.

Na bar albasar na ruga ɗaki na buɗe kwamfuta. Taswirar ta fito da tauraro ja a kan wurin da abin ya afku, na matso da ita don in ga garuruwan da ke kusa. Nan na ga sunan garin. Sunan da nake ji duk Lahadi. Na zauna a bakin katifar da ya ce in kula masa da ita, hannuna yana warin albasa. Daga kicin ina jin Mma tana 'yar waƙarta tana buga murfin tukunya. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na san dai ban tashi na gaya mata ba. Wayarta ce ta yi ƙara, babbar 'yarta daga Kumasi, sai na ji waƙar ta tsaya.

Kwana huɗu muka yi muna kiran lambarsa. Ba ta shiga. Mma ba ta je aiki ba, ba ta ci abin kirki ba, tana zaune a falo da waya a cinya da carbi a hannu, talabijin na nuna gine-gine a kwance. A rana ta huɗu wani ɗan Gana abokin aikinsa ya samo lambarta. Shi an aike shi sayen burodi ne, shi ya sa yake da bakin magana. Ya ce ginin ya zauna a kan shagon gaba ɗaya. Ya ce waɗanda aka zaƙulo an binne su tare, bai iya tantance ko yana cikinsu ba.

Gida ya cika. Takalma har bakin matakala, matan Gana da na Nijar da 'yan Najeriya, wasu da rigar aiki a jikinsu sun biyo daga asibiti ko gidan tsofaffi. Maza suka yi masa salla a masallaci ba gawa. Ni na shiga kicin na ƙi fitowa. Na dafa, na zuba, na wanke, na sake dafawa, har hannuna ya yi kanta. Matan suna ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta kama hannun Mma ta ce Allah ya karɓi ɗa ya bar mata 'ya, Mma ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta riƙe yatsuna gam. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Wata 'yar Nijar da ke zaune gefe ta dube ni ta ce, "Malama, ku da kuka yi boko mai zurfi, wai mi ke kawo girgizar ƙasa?"

Ni da zan iya kwana ina bayani, na ce mata ikon Allah ne, na miƙe na ce shinkafa za ta kama.

Daga ranar na fara ɓoyo da gangan. Na kashe ƙarar nan ta waya. Takardun da a da nake barbazawa a teburin falo na daina fitowa da su. In Mma ta ce yaya ƙanƙara, sai in ce tana nan da sanyinta, ta ɗan murmusa. Bayan sadakar arba'in ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Ɗakin naka ne yanzu, ba wanda zai tashe ka." Na yi godiya, na rufe ƙofa, na yi kuka da filo a baki. Ina tsoron abu ɗaya ne kawai a duniya a lokacin, kada ta gane abin da ta yi wa addu'a ranar nan. Na san in ta gane, ni da gidan nan mun rabu, kuma ita da bakinta ba za su sake shiri ba.

Na'urorinmu ba sa aiko da cikakken abin da suka rubuta. Suna binne suna tarawa, sai lokacin da rana ta dawo musu bayan watannin duhu, wanda ya yi daidai da tsakiyar sanyinmu a nan, sannan mutane su je da ƙaramin jirgi su tono su, su kwaso. Saboda haka sai da aka kusa shekara kafin girgizar ta iso teburina. Aikina a wannan matakin na hannu ne. Ina buɗe kowace girgiza, na'ura bayan na'ura, in bi layin da ido har inda ya fara rawa, in sa alama. Na yi dukkan sauran, har da ƙananan da ba su da wani amfani, ina kewaye wannan ɗaya. Da ba abin da ya rage sai ita, wata Talata bayan azahar na buɗe.

Ban taɓa ganin layi mai tsabta irinsa ba. Can ba mota, ba jirgin ƙasa, ba mai tafiya, don haka layin ya miƙe sambal, sai kawai ya tashi tsaye. Kowace na'ura haka, ɗaya bayan ɗaya. Ko makaho zai sa alamar. Minti ashirin da 'yan kai motsin ya yi a hanya, daga ƙarƙashin shagon ɗinkin zuwa ƙarƙashin ƙanƙara. Farfesa ta zo wucewa ta tsaya a bayana, ta dafa kujerata, ta ce ta daɗe ba ta ga abu mai kyau haka ba, in sa shi a farkon bayanina. Wani abokin karatuna ya leƙo ya ce na yi sa'a. Na juya na wanke shi tas, na ce in sa'a ce Allah ya kai ta gidansu. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Na fita na zauna a matakala.

Mako guda na yi ina gwada aikin ba tare da girgizar ba. Na cire ta, na sa kwamfuta ta sake lissafi, giɓin ya dawo yadda yake. Na mayar da ita, sai ga wani zirin dutse mai zafi ya fito ƙarƙashin ƙanƙarar, a wurin da ba wanda ya san da shi. Na cire, ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Daga ƙarshe na je ofishin farfesa na gaya mata na san wani da ya rasu a wannan girgizar, a gidan uwarsa nake zaune. Ta cire tabarau. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta ce in na ga ba zan iya ba in cire, sai dai abin da na gano ba zai tsaya da ƙafarsa ba, kuma ba wanda ya san ranar da wata za ta zo daga wannan ɓangaren. Ta ce zaɓi nawa ne. Kirkinta ya ba ni haushi, don na so ta tilasta ni in samu wanda zan ɗora wa. Na bar girgizar a ciki. Ni na zaɓa, ba wanda ya riƙe mini hannu.

Aka sa ranar da zan kare aikina a gaban malamai. A nan ana yin sa ne a buɗe, kowa na iya zuwa ya zauna. Ban gaya wa Mma ba, amma ta ji ina faɗa wa mahaifiyata a waya. Kafin mako ya zagayo ta sayo atamfa, ta raba wa ƙawayenta shida za su yi anko, ta nemi hutun ranar a wurin aiki, ta fara lissafa abin da za ta dafa. Tun rasuwar ban ga ta yi ɗokin komai ba sai wannan. Na ce mata Turanci ne zalla, za ta gaji.

"Shekara ashirin ina jin Turancin tsofaffi marasa haƙori, naka ne zai gagare ni?"

Na ce wurin da nisa, sai an canja jirgin ƙasa an hau bas.

"Yoo. Ƙafa gare ni."

Hoto na uku a bayanina taswira ce, da jan tauraro a kan garin, da ranar a rubuce da manyan lambobi. Ko ba ta ji kalma ɗaya ba za ta gane wannan. Na yi tunanin cire hoton, amma malaman da za su yi mini tambayoyi a kansa za su fi tsayawa. Na yi tunanin ba ta ranar ƙarya. Har na shirya yadda zan faɗa, sai na ji kunyar kaina ta kama ni, ƙarya a kan ƙarya ga matar da ke ajiye mini abinci a rufe.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta dawo daga wurin tela. Ta tsaya gaban madubin falo tana gwada ɗaurin ɗankwali, tana tambayata ko ya yi girma. Na ce Mma, zauna, akwai maganar da na ɓoye miki. Ta zauna da ɗankwalin a ka. Na fara daga tukunyar ƙasa, na bi ta na'urori, ina ta zagaye, har ta ce, "Dokta, faɗi abin da za ka faɗa." Sai na faɗa. Na ce aikina da girgizar ƙasa yake tafiya. Na ce wadda ta cika mini aikin ita ce wadda ta ɗauke shi.

Na zaci sai na tuna mata ranar, ashe ba ta buƙata.

"Ran da kake yanka albasa?"

Na ce e.

"Da ka yi tsalle."

Na ce e, Mma, amma wallahi ban lura da sunan garin ba sai da na shiga ɗaki.

"Me na ce?"

Kafin in amsa ta tare ni.

"Bar shi. Na san abin da na ce." Ta kwance ɗankwalin a hankali, ta ninke shi huɗu, ta ajiye a hannun kujera. "Kai kuma ka ce amin."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Ba ta buga ƙofa ba, da ma ta buga.

Kwana biyar tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Abincina yana nan a rufe kullum, amma ba ta zama mu ci tare. Na ji daga bakin ƙawarta cewa ta je wurin liman ta tambaye shi. Ya gaya mata abin ya riga ya afku kafin ta buɗe baki, kuma Allah zuciya yake dubawa, bai kama uwa da addu'ar alheri da ta yi wa 'yarta ba. Wai ta ce masa ta ji, ta gode. Ni na san Mma, in ta ce ta ji ta gode, maganar ba ta shiga ba.

A rana ta shida, da safe kafin ta fita aiki, ta ƙwanƙwasa ƙofata. Jakarta na rataye, takalmin aiki a ƙafa.

"Nuna mini."

Ina da layin a takarda, na buga don shirin bayani, doguwar takarda mai ɗauke da abin da na'ura ɗaya ta rubuta a yinin nan gaba ɗaya. Na shimfiɗa a kan tebur. Ta sa tabarau, ta sunkuya. Na ɗora yatsa a inda layin ya tashi na ce nan ne. Ta bi miƙaƙƙen layin da ke gabansa da yatsarta, a hankali, ta tsaya dab da wurin.

"Nan yana ɗinki."

Na ce e.

Ta tsallake wurin tashin, ta ci gaba da bin layin yana kwantawa kaɗan-kaɗan. Ina kallon yatsarta ina addu'a ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Can gaba, bayan wasu sa'o'i, layin ya sake tashi. Bai kai na farko ba, amma ba ƙarami ba ne.

"Wannan fa?"

Da na iya cewa iska ce, ko na'urar ce ta yi gardama, ba za ta taɓa sani ba. Na gaji da ƙarya. Na ce ta biyu ce, wadda ta biyo baya. Na yi sauri na ƙara da cewa haka kowace babbar girgiza take yi, dole sai wasu sun biyo ta, ko'ina a duniya, ko an yi addu'a ko ba a yi ba, tun kafin a haife mu haka abin yake. Ina ta zuba kamar a aji. Ta bari na gama.

"Lokacin da na ɗaga hannu, ina ne a nan?"

Na nuna mata. Tsakanin biyun ne, kusa da na farko.

"To tsakanin nan da nan," ta taɓa tashin farko, ta taɓa na biyu, "yana da rai?"

"Mma, na'urar ba ta san wannan ba. Dutse kawai take ji."

"Shekara nawa kana karatu, ba ka iya gaya mini wannan ba?"

Na ce ba wanda zai iya.

Ta cire tabarau ta mayar a jaka. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi. Ta dubi agogo ta ce tsohuwar da take kula da ita na jiranta, ba ta iya tashi daga gado sai an ɗaga ta. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Ka gama abinka lafiya. In ka gama, ka nemi wuri. Ba korarka nake yi ba, ba ka kashe mini kowa ba. Amma in na gan ka, bakina nake tunawa. Bari in manta tukuna, zan aiko a kira ka."

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar Lahadi, wannan ba maganar yafiya ba ce.

Ranar kare aikin ƙawayenta shida suka zo cikin ankonsu, suka cika layin baya, da kuloli biyu na abinci da Mma ta tashi tun asuba ta dafa. Ita ba ta zo ba, suka ce ƙafarta ce ke ciwo. Da hoto na uku ya fito na ji ɗaya daga cikinsu ta ja numfashi. Na yi bayanina har ƙarshe, na amsa tambayoyi, aka tafa, farfesa ta rungume ni. Matan suka zo ɗaya bayan ɗaya suka yi mini barka, suka zuba wa Turawa shinkafa, ba wadda ta haɗa ido da ni sosai.

Bayan mako biyu na samu ɗaki a wata unguwa, Parkchester. Ranar da zan tashi Mma tana wurin aiki, ta bar mini tukwane biyu da bargo a bakin ƙofa. Na share ɗakin, na gyara shimfiɗa, na tura makulli ta ƙarƙashin ƙofa.

Har yanzu wannan aikin nake yi, har yanzu girgiza nake jira, kuma zirin dutsen nan mai zafi yana cikin taswirar da wasu ke amfani da ita. Ina kewarta ƙwarai, kuma ina jin haushin kaina duk ranar da na tuna tsallen nan. Shekara biyu ke nan. Ba ta aiko ba tukuna, ni kuma ban canja lambar wayata ba.